Bokitin Wadia a saman zaure

"Da yatsan nan ɗaya nake rufe bakin mutum," in ji Nashiru, yana kaɗa shi a fuskar kowa. "Na danna rahoto, Turawa su gani a Amurka, shi ke nan an binne ka."

Ka san Nashiru kuwa? Mai gyaran waya ne a bakin kasuwar Nima, rumfarsa ba ta fi tabarmar salla ba, amma bakinsa ya fi kasuwar faɗi. Shi ya naɗa kansa Sarkin Rahoto. Mu kuwa Baki-Ya-Fi-Aiki muke ce masa, a bayan idonsa.

Muna da wani zaure a Fesbuk na 'yan Nima da Maamobi, mutum dubu tara. Hajiya Ayishetu mai waake, wato shinkafa da wake, ke riƙe da shi, macen da ta taɓa korar ƙanenta na mako biyu saboda zagi. Aiki ya yi mata yawa, aka ce ranar Juma'a za a zaɓi mataimaki. Nashiru ya fito takara, har da buga hotonsa riƙe da tsintsiya. Kujerar nan yake so kamar ransa.

A lokacin rigima ta yi zafi a zauren kan babban gota, wato magudanar ruwan da ta raba unguwannin biyu. 'Yan Nima na cewa 'yan Maamobi ke cika shi da bola, 'yan Maamobi na cewa ƙarya ne. Nashiru ya fi kowa kumfar baki. Sai ran Talata Abubakari tela, ɗan Maamobi, ya sa hoton wani mutum ya juya baya yana kifar da bokitin shara cikin gota, ta ɓangaren Nima. Hoton daga nesa ne, ba wanda ya kula. Mutum uku kacal suka taɓa shi.

Mutum ɗaya ne ya gane ƙeyar nan, wato mai ita. Nashiru ke nan.

To, kowa ya kawo masa gyara sai ya bar lambar buɗe wayarsa. Wayoyi goma sha huɗu ke kan teburinsa ranar. Gogan naka ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kai ƙarar hoton. Don kada a gane hannu ɗaya ne, sai ya riƙa sauya dalili: wannan ya ce ta'addanci, wannan ya ce sayar da ƙwaya, wannan ya ce tsiraici. Ya gama, ya hura yatsansa kamar bakin bindiga.

"Kafin La'asar Amurka ta share shi," ya faɗa wa mai lemo na gefensa.

Kafin La'asar ɗin Hajiya Ayishetu ce ta iso, da ludayinta a hannu.

"Nashiru, sannu da aiki."

"Maa Hajiya! Waya ce ta lalace?"

"Lafiyarta ƙalau, ƙara dai ta ishe ta. Ka san maɓalli biyu ne? Ɗaya na kamfani, ɗaya na mai zaure. Rahoto goma sha huɗu sun shigo min cikin minti goma, kowanne da sunan mai shi."

Nashiru ya ce, "Jama'a ce ta fusata, Maa. Hoton ya ɓata rai sosai paa."

"Har da Malam Abdul-Fatawu limami? Wanda tun Asabar wayarsa ke nan wurinka? Na tambaye shi ina ya ga tsiraici a bokitin shara, bawan Allah sai salati yake yi."

"Wataƙila wayar ce ta danna kanta. Wayoyin yanzu..."

"Na sha huɗun fa? Abubakari tela ne. Ya sa hoto da safe, da rana ya kai ƙarar kansa cewa shi ɗan ta'adda ne?"

Nan ne mai lemo ya faɗi daga kan benci don dariya. Ashe bayan Abubakari ya sa hoton, wayarsa ta faɗi gilashin ya fashe, ya aiko da ita gyara. Tana hannun Nashiru, a buɗe.

"Chale, abokina," mai lemo ya ce yana share hawaye, "wayar mai hoton na hannunka, ba ka goge ba, sai ka kai ƙara?"

Wallahi ni ma na ji masa kunya.

Hajiya kuwa ba ta zage shi ba, ba ta kore shi ba. Ta ce doka ɗaya ce ga kowa: duk abin da ƙara ta yi yawa a kansa, ana liƙa shi a saman zaure jama'a su duba su yanke hukunci. Nashiru ya roƙa, ya haɗa da Allah da Annabi, ta ce ko ƙanenta ne haka za ta yi. A gabansa ta liƙa.

Hoton da mutum uku suka gani, yanzu mutum dubu tara ke buɗe shi da yatsu biyu suna neman ta'addanci. Ba su samu ba. Abin da suka samu yana gindin bokitin. Ka san gidajenmu na haya, famfo ɗaya mutum arba'in, in mace ba ta rubuta sunanta a bokitinta ba, ta yi sadaka da shi. Ga shi nan da jan fenti, ɓaro-ɓaro: WADIA.

Duk Nima an san Wadia matar wa ce.

Ranar Juma'a Abubakari tela, wanda shi ma ya fito takara, ya ci zaɓe. Amma ba wannan mutane ke tunawa ba. Abin da ake karantawa har yau ana kwashewa da dariya shi ne saƙon da Wadia ta rubuta ƙarƙashin hoton:

"Salamu alaikum Hajiya. Kullum sai ya ce min ya kai sharar har wurin motar shara. Don Allah wane maɓalli ake dannawa a kai ƙarar miji? Na tambayi Sarkin Rahoto, ya ce shi ma bai iya ba."