Babban Kaho a Ƙofar Masallaci

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka fara damƙa mini babban kaho a ƙungiyar busa ta cocinmu a Madarumfa. Masu busa biyar ne: ƙananan kaho biyu, matsakaita biyu, sai ƙaton nan da ake runguma kamar buhun gero. Na daɗe ina naci kafin Baba Iliya, shugabanmu, ya yarda ya gwada ni a bikin 'yar ƙanwarsa. Ya ce in na busa da kyau na shiga, in na ɓata in koma ɗaukar kujeru.

Kiɗan tafiya ne irin na sojoji, wanda Baba ya raba mana da kansa, kowa da muryarsa. Tawa ba ta wuce "bum, bum" ba. Amma kafin ranar na gaya wa unguwa kaf cewa ni ne ginshiƙin kiɗan (musamman Rifkatu, ƙawar amarya, wadda ba ta ma tambaye ni ba).

Akwai wata al'ada tamu tun ta kakanni. In ayarin biki ya zo wucewa ta gaban masallaci ana salla, Baba zai ɗaga hannu, kowa ya sauke kahonsa, a wuce shiru. Ya maimaita mana wannan da safe. Na gyaɗa kai, hankalina yana kan sabuwar rigata.

Matsalar ita ce na taɓa ganin wani gwani a waya yana busa ido rufe, na kuma yanke cewa haka manya suke yi. Muna kan miƙaƙƙiyar hanyar da ta nufi tafki, kiɗa ya yi daɗi, na lumshe ido. Can sai na ji sauran sun yi tsit. Da mai hankali ne, da ya buɗe ido. Ni kuwa na ɗauka fili suka bar mini in nuna kaina, sai na cika kumatu na ƙara ƙarfi, har da ƙarin kwalliyar da ba ta cikin waƙar.

Abin da ya dawo da ni duniya shi ne hular Baba Iliya da ya cusa a bakin kahon. Na buɗe ido, ga sahun La'asar har bakin titi. Amarya ta sunkuyar da kai, Rifkatu ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Da aka idar, Baba ya ja ni gaban liman, wani dattijo maƙwabcinsa, muka durƙusa muna ba da haƙuri. Ni dai na riga na fara tunanin kujeru. Liman ya dube ni, ya dubi kahon, ya yi murmushi.

"Ba komai, ɗana," in ji shi. "Amma huɗun nan da suka yi shiru sun fi ka iya busa. Iliya, kar ka kore shi, ka koya masa."

Ba a kore ni ba. Sai dai tun ranar aka dawo da ni gaba, kusa da Baba. Mutane suna cewa girma ne. Gaskiyar ita ce don ƙafarsa ta riƙa isa tawa, ya taka ni in lokacin shiru ya yi. Yanzu in na ji kowa ya yi shiru, a busa ko a hira, sai na fara duba ko ina muke.