Tarin Malam Barau

Wannan tarihin Malam Barau ne, ɗan Ilu mai algaita, jikan Tanko da ya buga badujala har maƙwabta suka yi ƙaura, fasihi, hatsabibi, dodon aji biyar, wanda Allah ya jarraba da koyar da kiɗan jaz a wata sakandare inda rabin kayan busa da roba aka ɗaure su.

A shekarar da shugabar makaranta, Hajiya Kande, ta rantse za ta mai da ɗakin kiɗa ma'ajiyar fartanyu muddin ba a burge sufeto ba ranar raba kyaututtuka, gwarzon ya tara rundunarsa, mutum goma sha ɗaya, ya yi musu huɗuba mai ratsa zukata. Ya ce jaz ba hadda ba ce, wanda layi ya zo kansa ya busa abin da ke ransa. Ɗalibai suka dubi juna. Shekara goma ana zane su don sun kauce wa karatun malami, yau kuma a ce su ƙago nasu?

Sai ya zare saksafon, algaitar Turawa, kamar takobi don ya ba da misali, ya hau, ya gangaro, ya sa ƙarfe kuka, har ƙuda ya faɗa masa maƙogwaro. Ya yi tari uku, ya bugi ƙirji, ya ce, "Wane shaƙiyyi ne ya bar taga a buɗe?" Sannan ya ƙarasa.

Ranar gumurzu, zauren taro ya cika maƙil, ganguna suka ɗau zafi, layi ya zo kan Talatu, gwanar hadda. Ta hau inda Malam ya hau, ta gangaro inda ya gangaro. Can sai runduna duka ta tsaya cak, ta yi tari uku, ta bugi ƙirji, ta tambayi jama'a da murya ɗaya wane shaƙiyyi ne ya bar taga a buɗe. Mataimakin shugaba da kansa ya ruga ya rufe tagogi. Sufeto ya miƙe yana tafi, ya ce bai taɓa ganin horo irin wannan ba.

Ɗaki ya tsira, amma baƙin ciki ya hana Malam taɓa shinkafar biki. Washegari ya roƙe su, don girman Allah, kowa ya busa abin da ke ransa.

Talatu ta ɗaga hannu cikin ladabi. "To, Malam, fara busa mana abin da ke ran namu, mu haddace."