Ranar da Ɗanliti Ya Goge Wasan Ƙarshe

Akwai wani a unguwarmu, Ɗanliti, wanda da bakinsa ya raɗa wa kansa Injiniya. Ko fitilar hannu bai taɓa gyarawa ba, amma in ya fara zuba sai ka rantse shi ya haɗa intanet a ɗakinsa.

Ranar wasan ƙarshe na kofi, gidan kallon ƙwallon Alhaji Tanimu ya cika maƙil, har kan taga. Da kwamfuta ake kamo wasan, majigi ya haska a bango. An tashi kunnen doki, za a shiga bugun fenareti, sai hoto ya tsaya cak. Wani ɗan zobe ya hau juyi a tsakiyar bango.

Wuri ya kaure. Ɗanliti ya miƙe yana karkaɗe riga.

"Ku matsa, jahilai! Tarkace ne ya cika burauzar. Kash da kukis. Sharewa kawai za a yi."

Alhaji ya ce, "Ɗanliti, don Allah a bi a hankali."

"Haba Alhaji! Ni fa a Legas har layi ake min."

Abin haushin, da gaskiyarsa, kash ɗin ne ya cushe. Amma gogan bai tsaya nan ba. Duk akwatin da ya gani sai ya danna, ƙyat, ƙyat, ƙyat, har da na lambobin sirrin da aka adana. Ya zaɓi tun daga ranar farko, ya buga share.

Shafi ya buɗe fes, da gudu kuwa. Ɗanliti ya juyo yana jiran tafi.

Sai dai babu fili, babu ƙwallo. Shafin na neman suna da lambar sirri.

"Alhaji, sa lambar."

"Wace lamba?"

"Ta shiga mana!"

Alhaji ya dafe ƙirji. "Innalillahi! Ai Jafaru ƙanin matata ne ya shigar min tun muna shiri. Bara muka yi baram-baram, ko gaisawa ba ma yi. Shi ya sa ban taɓa yarda an taɓa komai ba!"

Can daga nesa muka ji ihun wata unguwa, an ci ɗaya.

Ɗanliti ya fara ja da baya. "Bari in ɗauko wata waya a gida..."

Caraf, wani ƙaton mahauci ya damƙe wuyan rigarsa. Ya ƙwato rediyon wani mai shayi da ke sauraron wasan, ya manna wa Ɗanliti a kunne, ya tsayar da shi a gaban farin bangon, cikin hasken majigi.

"Kallo muka zo, ba sauraro ba. Abin da ka ji, ka nuna mana."

Wallahi haka aka yi. Ɗanliti ya buga, Ɗanliti ya tare, ya yi tsalle ya faɗi tim a siminti, ya tashi yana ɗingishi.

Da aka ci ta ƙarshe, yana kwance yana nishi, sai wani tsoho daga baya ya ɗaga murya:

"Injiniya, ban gani sosai ba. A maimaita mana a hankali!"