Tunkiyar Wuyan Hansai

Kaf unguwarsu a Wudil, cacar baki ɗaya aka taɓa ganin Hansai ta sha kaye, ita ma da buhun gero ce. Ta same shi jingine a zaure, ta ɗauka surukinta ne, ta tsaya ta wanke shi tas don ya ƙi gaishe ta. Buhu bai tanka ba har ta gaji. Bayan nan 'ya'yanta suka kai ta aka yanko mata tabarau, ta jefa shi cikin kwalla ta rufe, wai tsufa yake sa ta.

Yau suna ake yi a Lajawa, jikar ƙanwarta ce ta haihu. Tun hantsi Hansai ta ci ado. Ta leƙa zaure, ta dawo ta sake ɗaurin kallabi, ta kuma leƙawa. Jikanta Lukman, wanda zai kai ta a babur, sai da rana ta take ya shigo yana sharce gumi.

"Barka da rana, amarya. Ya ƙafar?"

"Ƙafar tana gaishe ka. Mijin kowa ya kai matarsa, ni nawa sai an cinye waina zai kai ni wanke-wanke. Tayar da akwalar taka mu tafi."

"Ba inda za ni. An yi mini sata a ɗaki."

"Me ke ɗakinka ban da safa mai wari?"

Ta san abin da ke ciki sarai. Lukman a jami'a yake aiki, kuma duk malamin da ya dawo daga wata ƙasa sai ya roƙe shi tsohon kwabo. A gwangwanin alewa yake tara su. A ganin Hansai, kuɗin da ba ya sayen ƙosai ba kuɗi ba ne, ƙarfe ne. Ta ɗan ja mayafi ta rufe wuyanta, amma idon yaro ya riga hannun tsohuwa.

"Hajiya, mene ne yake ƙyalli a wuyanki?"

"Sadakina. Ka aure ni tun kana rarrafe, ko ɗankunne ban gani ba. Na shiga ɗakinka neman ashana, na ga tunkiya da 'ya'yanta a jikin kwabo, na ce wannan alama ce ta albarka. Na dirje shi da toka da lemon tsami, na kai wa Gwadabe maƙeri ya huda."

Lukman ya dafe kai ya zauna a kan turmi. "Kin huda shi. Kin dirje shi. Abin da ya girmi babana, daga ƙasar Ayalan."

"Ni ma na girmi babanka, kuma kunnena a huje yake. Tashi."

"Tunkiya kika ce?"

"Ƙosassa ma."

"Wace tunkiya kika taɓa gani da hanci kamar bakin buta, da jela a nannaɗe? Alade ne, Hajiya. Uwar aladu ce da 'ya'yanta."

"Ƙarya kake, mai kunnen faranti."

"Ɗauko tabarau."

Ba ta so ba, amma ta ɗauko. Ta kai kwabon bakin ƙofa, ta duba, ta nisantar, ta matso da shi. Sai ta yi salati a hankali, ta cire zaren da yatsu biyu kamar mai ɗauke mataccen ɓera. Tun Juma'ar da ta wuce take salla da abin nan a ƙirji. Wannan ma mai sauƙi ne, za ta nemi gafara. Abin da ya fi damunta, ta zaga da shi Islamiyyar matan unguwa, kowa ta shafa ta ce tubarkalla. Har taubashiyarta Murja, wadda bakinta ya fi nata tsini, ta ce idan an haɗu a gidan suna za ta ara wa maijego ta rataya, ko Allah ya kawo tagwaye nan gaba.

"Wane irin mutane ne za su rasa abin bugawa a kuɗi sai wannan? Ba su da sarki?"

"Suna alfahari da kiwonsu ne. Bari na kira Baba Murja na yi mata albishir."

"Ajiye wayar nan. Ɗauko gwangwanin, ka musanya mini."

Ya ɗauko yana murmushi, ya zazzage a tabarma. Ita kuwa sai duban inuwa take, tana buga ƙafa.

"Ga wannan, ƙaguwa ce."

"Na rataya abin da ke tafiya a karkace? Kai ya dace da shi."

"Wannan ƙadangare."

"Ga su can a katanga kyauta."

"Tsuntsu marar fiffike."

"Danginka ne. Ga baki, ba tashi."

"To ga kaza da 'yan tsaki."

Wannan ta yi mata. Ta juya shi, ta ga babu huda, ta tuna Gwadabe ya tafi kasuwa da lauje da fartanya, sai magariba. Ta yi tsaki. Can ta hango wata farar kwandala mai faɗi, da hudarta a tsakiya.

"Wannan fa? Ga mutanen kirki, sun huda abinsu."

"Kadoji ne a jiki. Kuma ita ce na fi so, ba zan bayar ba. Ki tafi haka. Ni dai yau sai Lajawa ta ji labarin Hajiya mai alade."

Hansai ta tura tabarau kan hanci, ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Gidan su Khaulat a hanya yake, ko? Yarinyar da kake wa sintiri. Sai mu biya na gaida babanta liman. Na gaya masa mai neman 'yarsa kiwon alade yake a ɗaki, uwa da 'ya'ya, har da murfi don kar su gudu. Ni tsohuwa ce, ido ya tafi, kowa zai yi mini uzuri. Kai da idonka biyu garau ka roƙo shi."

Sai dariya ta ƙwace wa Lukman. Da hannunsa ya zura zaren a kwandalar, ya ɗaura mata a wuya.

"Allah ya isa tsakanina da auren nan. To idan Baba Murja ta ce ina tunkiyar?"

Hansai ta riga ta kai zaure, tana tattare zani za ta hau babur.

"Kada ne ya cinye ta. A bakin kogi muke, wa zai yi musu?"