Inbatar Gidan Alhaji Mamman

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da na tsaya gaban dillalan kifin Yelwa ina nuna gwaninta ba. Lokacin ban daɗe da dawowa daga koyon haɗa sola ba, kaina ya kumbura, ko shayi na je sha sai mai shayin ya sha lacca. Kuma ina neman auren Hadiza, 'yar Alhaji Mamman dillalin kifi, wanda har lokacin bai ce i ba, bai ce a'a ba.

Alhaji yana da manyan firiza a gida, cike da giwan ruwa da ake kawo masa daga Wara, ga janareta yana shan mai ba ƙaƙƙautawa. Na ce ga hanyar shiga zuciyar suruki. Na lallaɓa shi ya sayi farantan sola, na jera su a kan rufi, na kafa inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar farantan irin wadda kayan gida ke amfani da ita. Tawa ta 'yan gayu ce, wadda ake jonawa da wutar gari su yi aiki tare. Batir kuwa na ce ba ma buƙata. Da ya tambayi makomar janareta, na ce zamaninsa ya wuce, sai ya aika wa ƙanensa da shi Shanga (har da ni aka ɗora shi a mota, ina ta fara'a).

Ranar Juma'ar, bayan an sauko daga masallaci, Alhaji ya kwaso abokansa su ga abin mamaki. Ina cikin shadda ina zuba bayani, sai aka ɗauke wuta. Daɗi ya kama ni. Na ce, "Yanzu za ku ga aiki."

Rana tana dukan ƙeya, amma firiza suka yi tsit. Inbata ta kunna 'yar jar fitila ta zuba mini ido. Na danna nan, na danna can, na kashe na kunna, har hura mata iska na yi kamar tsohuwar rediyo. A nan abin ya faɗo mini: irin wannan inbatar, da zarar wutar gari ta tafi ita ma tsayawa take yi, don kada ta tura wuta kan layi ta kama mai gyara. An koya mana. Ranar ina kujerar baya muna hira da Hadiza a waya.

"Injiniya, mi ya hwaru?" in ji Alhaji. "Ko ranar ta ƙare?"

Na fara kame-kame. Wani tsoho cikin abokansa ya katse ni. "Tsaya, ɗana. Wanga abu sai an kawo wuta shi ka ba da wuta?"

Na ce, "Kusan haka ne, Baba."

"To mi a amfaninai?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Kafin la'asar aka ji iska ce ta kayar da turakun wuta, ba ranar dawowa, kifi kuma ya fara saki. Mahaifiyar Hadiza ba ta yi mini faɗa ba. Ta sa aka hura wutar banda, ta miƙo mini wuƙa. Na naɗe hannun shadda na durƙusa cikin matan gida ina farke giwan ruwa, hayaƙi yana sa ni hawaye (ba duka na hayaƙi ba ne). Na riga na sallama Hadiza.

Can Alhaji ya zo ya tsaya a kaina, ya ɗauki kifi ɗaya ya jujjuya. Ya ce, "Hwarkenka ya yi kyau. Ko sola ta ƙiya, ɗiyata ba ta kwana da yunwa. Turo magabatanka."

Tun daga ranar, duk inbatar da na kafa sai na kori kowa, na rufe ƙofa, na katse wutar gari da hannuna na ga abin da za ta yi, kafin in kira mai gida. Janaretan mutane kuwa, ko tari yake yi, cewa nake yi a lulluɓe shi a ajiye.