Tef ɗin Tela da Ƙodar Habi

Ba ni jin za ni taɓa mantawa da ranar da na yanke wa ƙodar wata yarinya hukunci da tef ɗin tela.

Shekarar nan ce da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Rijiyoyin wajen Tsamaye sun ja baya, mutane na shan ruwan da a da ko jaki ba a ba, yara kuwa sai gudawa da amai. Wata biyu ke nan da fara aikina a ƙaramin asibitin ƙauye, da farar riga da biro uku a aljihu (ɗaya kaɗai ke rubutu).

Akwai wata likitar yara, dattijuwa, da ke zuwa mana daga Sakkwato duk bayan mako biyu, Dakta muke ce mata. Ita ta nuna mini abin da har yau nake mamakinsa: ana iya sanin ƙarfin ƙodar yaro ba a gan ta da ido ba. A ɗebi jini kaɗan a aika babban asibiti a Sabon Birni, su auna wani datti da ƙoda ke tacewa. Sai a auna tsawon yaron, a ninka da wata 'yar lamba, a raba da sakamakon jinin. Abin da ya fito shi ne kiyasin aikin ƙodar. Na rubuta a bangon littafina, ina jin kamar an ba ni laƙani.

Sai ga wata tsohuwa Bafulatana da jikarta Habi, 'yar shekara shida, gudawa ta ƙarar da ita. Muka ɗora ta kan ruwan gishiri da sukari, muka aika jini. Sakamakon ya iso ana gobe Dakta za ta zo, na ce ai ga ni, jiran me? Allonmu na awon tsawo gara ta ci gindinsa, sai na aro tef wajen telan bakin asibiti. Na tsai da Habi jikin bango: arba'in da ɗaya. Na yi lissafi sau biyu. Lambar ko rabin ta lafiyayyen yaro ba ta kai ba.

Na gyara murya na ce, "Inna, sai haƙuri. Ƙodar yarinyar nan ta kusa tsayawa. Sai Sakkwato."

Ta dube ni ta ce, "Ɗana, ƙoda ba ita ka yin hitsari ba?"

"Ita ce."

"To wagga ɗiya tana hitsari."

"Inna, lissafi ne, ba a gardama da shi." (Allah Ya yafe mini, har da ɗaga yatsa.)

Tsohuwar ta aika wa ɗanta cewa da safe ya ja karsanarsu kasuwa ya sayar don kuɗin tafiya, ita kaɗai fari ya bar musu.

Washegari na miƙa wa Dakta takardar gaban kowa, ina jiran yabo. Ta karanta, ta dubi Habi da ke tauna rogo kan tabarma.

"Wannan ce mai santimita arba'in da ɗaya?"

"Ita ce, ranki ya daɗe."

"Ashe jaririn da aka haifa jiya ya fi ta tsawo. Kawo abin awon."

Ta juya tef ɗin a hankali. Fuska biyu gare shi, ni kuma ta inci na karanta. Habi santimita ɗari da huɗu ce. Ungozomarmu ta ce za ta duba ruwan zafi, muna jin dariyarta daga bayan ɗaki.

Dakta ta juya ga tsohuwar. "Inna, kin ce tana fitsari. Kamar yaya?"

Tsohuwar ta kwance gefen zanenta, ta fito da gwangwanin madara da wani zare mai ƙulle-ƙulle. Ashe tun ranar da suka zo, duk fitsarin da Habi ta yi sai ta auna shi, in gwangwani ya cika ta ƙulla zare.

"Ranar farko rabin gwangwani, ja kamar shayi. Shekaranjiya biyu. Jiya huɗu, fari tas. Mu ga maruƙa munka koya. In fari ya yi, maraƙin da ya bar hitsari shi muka tsoro, ba wanda ya rame ba."

Dakta ta cire tabarau, ta zauna kan tabarmar kusa da ita, ta ƙirga ƙullin ɗaya bayan ɗaya ta rubuta a takardar Habi. Ta sake lissafin da tsawon gaskiya. Lambar likita da zaren tsohuwa suka zo daidai: ƙoda ta farfaɗo. Mata biyu, ɗaya da biro ɗaya da zare, kowa ta hanyarta sun leƙa cikin yarinya ba wuƙa.

Ni aka tura da babur in tare karsana. Na cim ma ɗan tsohuwar gab da kasuwa, na yi masa bayani ina haki. Ya ce, "To wa ya yi kuren, likita?" Na ce wani sabon ma'aikaci ne, ana nan ana yi masa faɗa.

Tun ranar, kafin in buɗe baki da lamba sai na ɗaga kai na dubi yaron, na tambayi wadda ta kwana da shi. Lissafi ba ya ƙarya, amma duk abin da wawa ya zuba masa, shi zai dafa ya miƙo masa da zafinsa.