Inna da Tambayar Sirri

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a Tambuwal ba, ranar da na gano mutum zai iya yin digiri a kwamfuta ya manta gidan da aka haife shi.

Lokacin wata biyar ke nan da ɗaukata aikin gwaji a wani ƙaramin kamfani a Sakkwato. Sharaɗin wata shida ne: in aikina ya yi kyau a tabbatar da ni, in bai yi ba in koma bakin tasha in ci gaba da gyaran wayoyi. Aka ba ni aikin gina manhajar da ake buɗewa ta intanet a waya, manoma su yi rajista su riƙa sanin ranar rabon iri da hasashen ruwan sama. Da yake yawancin mutanenmu ba su yi boko ba, sai na yi dabara: na naɗi muryata na saka a ciki. Ita ke karanta kowace tambaya, mutum ya amsa da baki. (Na fi sau ashirin ina sake naɗar muryar nan, ina maƙale wuya kamar mai karanta labarai a rediyo.)

Kai ya kumbura. A taron ofis na bugi ƙirji na ce, "Hajiya, wannan ko innata aka miƙa wa za ta yi rajista ba ta tambayi kowa ba."

Hajiya Balkisu, shugabar sashenmu, ba mai hayaniya ba ce. Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "To madalla. Tunda a garinku za a yi gwajin, a zo da ita."

Ga yadda ake gwajin. Ana tara mutanen da ba su taɓa ganin manhajar ba, a miƙa wa kowa waya a ce ya yi rajista, ana kallonsa ana rubuta inda ya tsaya. Wanda ya gina ta kuma doka ɗaya gare shi: ya zauna ya kama bakinsa. Ko tari bai halatta ba.

Aka ara mana wani ɗakin taro. Mutum takwas suka zo, daga Dogon Daji, daga Sanyinna, har da wani makiyayi daga Fakku ta ƙasar Kebbe. Inna ta iso da sabon mayafi, ta zauna a kujerar gaba kamar an gayyace ta raba gardama. Saboda girmanta aka ce ita za ta fara. Ni kuma aka aje ni a lungu.

Wallahi farko kamar da wasa. Muryata ta tambayi sunanta, ta faɗa. Garinsu, ta faɗa. Abin da take nomawa, ta ce gero da wake da ɗan riɗi. Ina lungu ina murmushi, har na fara tunanin irin takalmin da zan sa ranar da za a tabbatar da ni.

Sai aka zo tambayar sirri, wadda ake yi wa mutum don ranar da ya manta lambarsa. Tambayoyin nan ban zauna na yi tunaninsu ba, gaskiya. Kwafo su na yi daga manhajojin Turawa na mayar da Hausa. Muryata ta fito tas a cikin ɗakin:

"Faɗi sunan ɗanki na fari."

Jama'a, ni ne ɗan farin.

Shekarata talatin a duniya, ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. Ko rijiya zan faɗa, "kai wannan yaron" za ta ce. Na san haka, kowa a ɗakin ya san haka, amma wata biyar ina gina abin nan bai taɓa faɗo mini a rai ba.

Inna ta gyara mayafi. Manhajar kuwa ni na koya mata naci, in an yi shiru sai ta maimaita. "Faɗi sunan ɗanki na fari."

Can ƙasa-ƙasa Inna ta ce, "Wannan yaron."

"Wannan ba suna ba ne. Sake faɗa." (Eh, ni na yi wannan wayon ma, na sa ta ƙi karɓar duk abin da ba ya cikin jerin sunaye.)

Inna ta juya wayar ta nuno ni da ita, ta ce, "To ga shi can zaune, ki tambaye shi."

Wani dattijo daga Sanyinna ya sa hula ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa. Hajiya Balkisu ba ta yi dariya ba, rubutu kawai take yi, kuma rubutun nan ya fi mini dariyar ciwo. Ta ce a hankali, "Inna, akwai wurin da aka ce a canza tambaya, ko za ki taɓa?"

Inna ta taɓa. Na rufe ido, don na san abin da ke biye.

"Faɗi sunan mijinki."

Inna ta ce, "La'ilaha illallahu!"

Ta sake taɓawa da sauri kamar ta taɓa garwashi.

"Faɗi sunan karenki."

Nan ɗakin ya fashe. Makiyayin nan har da buga sanda a ƙasa. Inna ta sake taɓawa, manhajar ta zagayo kan ta farko, don tambayoyin uku ne kacal. Ni kuwa ina ganin aikina yana zamewa. Ban san lokacin da na miƙe na karya doka ba. Na ƙwala sunana da ƙarfi daga lungu, kamar ana kiran rajista a firamare.

Manhajar ta karɓa. Na ce alhamdulillahi. Sai muryata ta ƙara da fara'a: "Madalla! Yanzu sake maimaita sunan don tabbatarwa."

Inna ta kife wayar a kan tebur a hankali. Ba ta ko kalle ni ba. Ta dubi Hajiya ta ce, "Ɗiyata, muryar dai na san ta. Amma wagga tarbiyya ba tawa ba ce."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata.

Sauran ma kusan duk a nan suka cije. Makiyayin da aka tambaye shi sunan ɗan farinsa, sai ya ce shi dai a tambaye shi na shanu, zai kawo su har kakanninsu. A mota Hajiya ta miƙo mini takardarta ta ce, "Ba a kore ka ba, ba a kuma tabbatar da kai ba. An ƙara maka wata uku. Gwajin ya yi aikinsa, kai ne ba ka yi naka ba."

Na cire tambayoyin nan duka, na sa wadda dattijon Sanyinna ya ba ni shawara: wace kasuwa ka fi ci? Wannan kowa na amsa ta, har da ƙarin bayanin da ba a nema ba. Bayan wata uku aka tabbatar da ni, amma sai da na yi sati biyu ina gaida Inna tana amsa mini da gefen baki.

Yanzu duk tambayar da zan sa a manhaja, sai na fara raya cewa na durƙusa gaban mutumin zan yi masa ita baki da baki. In na ji ba zan iya buɗe bakin ba, to wayar ma ta yi haƙuri.